Magana a Kan Tumunin Takaba da Gardamar Magada

Da sunan Allah muke farawa, godiya tasa ce, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan takarda ce zuwa ga 'yan'uwana malamai da almajirai na ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, da duk wanda ta isa hannunsa.

Ku sani, Allah ya yi muku rahama, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɓarna da ta yi yawa a garuruwanmu har ido ya saba da ita, ita ce abin da ake yi wa matar mamaci wajen gado. Mutum ya rasu, ba a gama zaman makoki ba sai babban ɗansa ko ƙanensa ya karɓi mabuɗin rumbu da takardun gona, ya ce shi ne mai riƙo. Matar tana cikin ɗaki tana takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta zuwa ko'ina sai da larura, kunya kuma ta hana ta tambaya. Kafin ta fita an sayar da sa, an ba da fadama jingina, masara ta tafi kasuwar Kwanar Ɗangora. In ta buɗe baki a ce tun ƙasar kabari ba ta bushe ba tana zancen dukiya. In ta yi shiru shekara ta wuce, ta biyu ta wuce, sai a ce ai ta yafe. Daga nan sai gaban alƙali, inda 'ya'yan mutum ɗaya za su tsaya suna rantsuwa a kan matar ubansu, ita kuma tana rantsuwa a kansu.

Alhali kuwa babu wani babi na fiƙihu da Allah Ta'ala ya yanke da kansa filla-filla kamar wannan. Ku duba Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, da ayar da ta rufe surar. Mace tana da rubu'i a dukiyar mijinta in bai bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa namiji ba, in ya bari tana da tumuni, shi ne abin da mutanenmu ke kira tumunin takaba. Kuma ma'abota hadisi sun ruwaito cewa bayan yaƙin Uhudu, shekara ta 3 daga Hijira, matar Sa'adu ɗan Rabi'u ta kawo ƙara wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, domin ɗan'uwan mijinta ya kwashe dukiyar duka ya bar ta da 'ya'ya mata biyu hannu banza. Aka hukunta wa 'ya'yan biyu bisa uku, matar tumuni, abin da ya saura ne kaɗai na baffan. To ku lura, ƙarar farko-farko da aka kawo a wannan babi mace ce ta kawo ta, a kan ɗan'uwan miji, kuma ba a ce mata ta yi rashin kunya ba.

Ga misali domin almajirai. Mutum ya bar mata biyu da uwa da 'ya'ya maza uku da mata biyu, abin da ya saura bayan biyan bashi buhu 96 na masara. Asalin mas'alar daga 24 ne. Matan suna da tumuni, buhu 12, kowace 6. Uwa tana da sudusi, buhu 16. Saura 68 a kasa shi kashi takwas, kowane namiji buhu 17, kowace mace buhu 8 da rabi. Kuma tumunin nan daidai ake raba shi tsakanin kishiyoyi, uwargida da amarya, mowa da bora, wadda ta haifi maza biyar da wadda ba ta taɓa ɓari ba. Na ji masu cewa uwar 'ya'ya ta fi, ko wadda aka aura wata biyu kafin rasuwa ba ta da kome. Wannan magana ba ta da asali a littafi. Ko wadda aka ɗaura wa aure ba ta tare ba tana gado, haka wadda ke cikin iddar saki na kome.

Yadda aka kasa buhun masara haka ake kasa gona da gida da fadama da shanun huɗa. A nan ne gardama take, domin da yawa daga dattawanmu za su ce maka mace ba ta cin gadon ƙasa, a ba ta tumuninta a cikin riguna da kuɗi da 'yan awaki, gona kuwa ta maza ce. Wannan magana tana da tarihi, ya kamata mai ilimi ya san shi. A shekara ta 1923 Sarkin Kano Usman, wanda ya yi sarauta daga 1919 zuwa 1926, ya hana mata gadon gida da gona a ƙasar Kano, dalilin da aka bayar kuwa shi ne wai mace in ta sami gida na kanta takan ƙi zaman aure ta shiga zaman kanta. Hukuncin nan ya zauna duk zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke shi, yana mai duban tsofaffin mata da suka tagayyara ba su da inda za su sa kansu. Shekara 31 ke nan. Duk yaron da aka haifa a garuruwanmu a tsakanin nan ya tashi yana ganin alƙali da dagaci suna zartar da abin da dama al'adar gandu ke so, sai ya ɗauka shari'a ce, ya gaya wa ɗansa, ɗan ya gaya wa jika. Allah ya gafarta wa sarakunan da suka gabata, kowannensu ya duba abin da ya gani a zamaninsa. Amma hukuncin sarki ba ya shafe aya, balle hukuncin da wani sarki ya riga ya warware fiye da shekara 70 da suka wuce. Wanda ke riƙe da shi yau ba shi da sarki a bayansa, ba shi da littafi.

Kuma abin ya ƙara zafi domin ƙasa ta yi daraja. A da mutum kan sari daji a gefen Falgore ko bayan Riruwai ya yi gona, wadda aka hana ta gona ɗan'uwanta kan ci da ita daga rumbun gandu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya zama dukiya, kuma filin da ke bakin hanyar Kano zuwa Zariya ko hanyar Tudun Wada ya zama abin da ake saye da kuɗi masu yawa. Gandun da ake fakewa da shi ya watse, kowane namiji ya ware tukunyarsa. An bar ciyarwar da al'ada ta ɗora wa maza, an riƙe hanawar da ta ba su. Ni dai ban ga adalci a cin rabin al'ada a zubar da rabi ba.

Sa'an nan ku sani, tumuni ba shi ne farkon abin da ke tsakanin mace da dukiyar mijinta ba. Shaihu Halilu a ƙarshen Muhtasar ya jera haƙƙoƙin da ke kan abin da mamaci ya bari. Na farko haƙƙin da ya rataya ga wani abu ayyananne, kamar gonar da ke hannun mai jingina. Sa'an nan kuɗin likkafani da binnewa gwargwadon abin da aka saba. Sa'an nan bashi. Sa'an nan wasiyya daga sulusin abin da ya rage. Bayan waɗannan ne magada ke shiga. To sadakin da bai cika biya ba bashi ne. Kuɗin da ta ranta masa ya sayi taki da damina, ko tunkiyarta da ya sayar ya ce zai mayar, duk bashi ne, ana fitar mata da shi tun kafin a kasa kome, sa'an nan ta ci tumuninta a cikin saura. Sai dai da'awa a kan mamaci tana son hujja, shaidu biyu ko shaida ɗaya da rantsuwa bisa mazhabar Maliku, kuma alƙali ya ƙara rantsar da ita cewa ba a biya ta ba, ba ta kuma yafe ba, domin wanda ake ƙara ba ya nan balle ya kare kansa. Abin mamaki, mutanen da ke ƙyashin biyan mace sadakinta su ne za su yanka sa daga dukiyar marayu ranar sadakar bakwai da ta arba'in, su dafa shinkafa buhu-buhu domin kada gari ya yi da su. Wanda yake son yi wa ubansa sadaka ya jira a ba shi rabonsa ya yi da nasa.

Mas'alar da ta fi cika zauren alƙali ita ce ta kayan gida. Magada su ce duk abin da ke cikin katangar nan na ubanmu ne, matar ta ce gadon nan da kwanukan nan da keken ɗinki da akuyoyin nan nawa ne. Malamanmu sun daɗe da yanke wannan: in babu shaida, abin da aka san mata ne ke mallakarsa a al'adar gari nata ne da rantsuwarta, abin da aka sani na maza, ko wanda ya dace da kowa, na miji ne, magadansa su rantse. Kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata ba ya shiga rabo ko kaɗan. Amma ga wurin da mata da yawa ke faɗuwa ba su sani ba. Miji ya ce mata a turaka, na ba ki gidan nan, ko na ba ki gonar bakin rafi, ba shaida, ba rubutu, ya ci gaba da noma gonar da kansa har ya mutu. Kyauta a wurinmu ba ta cika sai an karɓe ta a hannu tun mai bayarwa yana da lafiya. Har Halilu ya bambanta: mace in ta ba mijinta gidan da suke zaune ciki kyautar ta inganta da zamansa, amma miji in ya ba matarsa gidan zamansu ya ci gaba da zama a ciki, ba a lissafa ta karɓa ba, domin dama zaunar da ita wajibinsa ne. In kuwa ya ce bayan raina gidan naki ne, wannan wasiyya ce ga magaji, ba ta zartuwa sai sauran magada baligai sun yarda. Saboda haka mai son ya kyauta wa matarsa ya yi tun yana tafiya da ƙafarsa, ya kira shaidu, ya ɗauke hannunsa daga abin, ta noma ko ta ba da haya da sunanta.

Akwai wata magana da na ga ya kamata malamanmu su zauna a kanta. Matan ƙauyukanmu ba zaune suke ba. Wata ta yi shekara talatin tana sussuka da casa da kiwo, tana soya ƙuli-ƙuli tana matsar mai, ribar tana shiga sayen gona da sunan maigida. Ranar rabo sai a ce tumuni ne nata, su huɗu kuma a cikinsa. A ƙasar Maroko, wadda mazhabarsu ita ce tamu, wani malami na ƙarni na 10 daga Hijira, Ahmadu Ibnu Arduna, ya yi fatawa cewa matar ƙauye da ta yi wahala a cikin dukiya tana da rabo saboda wahalarta, daban da gadonta. Malaman birnin Fas da yawa ba su bi shi ba, kuma ni ba na cewa a ɗauko fatawar wata ƙasa a aza wa tamu ba tare da bincike ba. Abin da nake cewa kaɗan ne: in ta kawo shaida cewa kuɗinta ya shiga sayen wannan gona ko wannan sa, to ita abokiyar tarayya ce gwargwadon abin da ta sa, a fitar mata kafin rabo. Wannan ba ya bukatar sabuwar fatawa.

Game da zaman takaba, gidan da yake mallakar mijin, ko wanda ya riga ya biya kuɗin hayarsa, tana da haƙƙin zama cikinsa har ta gama, babu magajin da ke da ikon ya fitar da ita ko ya sa ta kwashe kaya domin ɗansa zai yi aure. Ciyarwa kuwa ba ta kan dukiyar a dunƙule, daga rabonta take ci, ko da ciki gare ta. Wannan kansa dalili ne na kada a bar ta wata da watanni ba ta san abin da ta mallaka ba. In tana da ciki a dakatar da rabo sai ta haihu, haka mazhabarmu ta tafi, amma dakatar da rabo ba shi ne barin ƙidaya ba. Marayu kuma renonsu na uwarsu ne muddin ba ta auri bare ba, dukiyarsu tana hannun wanda uban ya yi wa wasiyya, in babu, alƙali ya naɗa amintacce, kuma yana iya naɗa uwar in ya ga ta cancanta. Baffa ba ya zama mai riƙon dukiyar maraya domin kawai shi baffa ne.

Kada wani ya ce na ɗauki gefen mata. Akwai wadda tun miji yana shure-shuren mutuwa ta ɗauke takardar fili ta kai gidan iyayenta, akwai wadda ta riƙe wayarsa da katin bankinsa ta kwashe abin da ke ciki domin 'ya'yan ɗakinta, ta bar 'ya'yan kishiya. Wannan cin haram ne tamkar na ƙanen miji, babu bambanci. Kuma wanda aka rubuta sunansa a takardar banki ko ta wurin aiki cewa shi ne makusanci, mace ce ko ɗa, wannan rubutu bai mayar da kuɗin nasa ba, shi dai wanda za a nema ne, kuɗin na magada ne duka. Haka 'ya'yan da ke zuga uba a kan gadon ciwo ya saki matarsa domin kada ta ci gado, wahalar banza suke yi: wadda aka saka a ciwon ajali tana gado a wurin Maliku ko iddarta ta ƙare, ko ta yi wani aure, kuma Sayyidina Usmanu ya gadar da matar Abdurrahmani ɗan Aufu a irin wannan hali.

In matar ce ta riga mutuwa, miji yana da rabi in ba ta bar ɗa ba, rubu'i in ta bari, ko ɗan na wani mijin ne. Wani kunyar surukai ta sa ya bar nasa, wannan ruwansa. Wani kuwa ya haɗiye awakinta da kayan ɗakinta ya yi wa amarya lefe da su, uwar marigayiya tana kallo, alhali tana da sudusi ko sulusi a ciki.

In ka ce, malam, in aka bi wannan gonar gidanmu za ta zama kunya-kunya, tumunin da aka kasa huɗu ba zai isa a juya garma a cikinsa ba, kuma matar za ta yi aure a wani gari ta sayar wa bare a tsakiyar gonarmu, sai in ce maka wannan damuwa gaskiya ce, kuma fiƙihu bai manta da ita ba. A kira mutum biyu masu sanin farashin ƙasa a garin su yi wa gonar ƙima, magada su sayi rabonta su ba ta kuɗi a hannu da yardarta, a farashin yau. Ko a bar gonar a haɗe, kowace kaka a auna mata rabonta daga amfanin bayan an fitar da kuɗin aiki. In ta sayar wa bare tun ba a raba ba, abokan tarayya suna da shuf'a, su biya abin da ya biya su karɓa. Hanyoyi suna nan. Wadda babu ita ce a ce mata ki yafe wa 'ya'yanki a gaban taron maza, tana lulluɓe, ba ta san ko nawa ne take yafewa ba. Wanda aka karɓa da kunya ƙwace ne ko an yi masa fatiha.

Mafi yawan shari'un nan jinkiri ne ya haife su. An ƙi rabo domin a ce gida yana nan yadda maigida ya bar shi, sai ɗaya daga magada ya mutu, nasa magadan su shigo, shaidun da suka san iyakar gona su ƙare, wanda ke nomawa ya gina ɗaki ya dasa mangwaro. Kuma kada mai riƙo ya ruɗi kansa da cewa shekara goma ta wuce gona ta zama tasa. Wannan wa'adi tsakanin bare da bare ne, tsakanin dangi malamai sun kai shi wajen shekara 40, kuma ko ya ci a gaban alƙali bai halatta masa ba. A zamanin En'e mutane kan guji kai gado kotu saboda ushirar da ake cira, har gudun ya zama ɗabi'a. Yanzu kotunan shari'a suna nan tun da Kano ta sake tsara su a shekara ta 2000, kuma wanda bai gamsu ba yana da hanya har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kano, wadda tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon duba gado da wasiyya da kyauta tsakanin Musulmi. Zuwa wurin alƙali ba yanke zumunta ba ne. Sai dai kuɗin mota daga Doguwa zuwa birni sau goma yana iya cinye tumunin kansa, shi ya sa na fi son a kashe magana a zauren gida.

A nan ne nauyi ya hau kanmu. Mu ake kira wanka da salla da addu'a, mu ne ke zaune a tabarmar makoki kwana uku. Wasu malamai sukan ga ana fitar da buhuna su kau da kai domin mai riƙo shi ne mai ba da sadaka. Wasu kuma su yi rabo da ka, ba su taɓa karanta babin fara'il na Risala ba, su ba mace tumuni inda take da rubu'i. Abin da nake roƙo shi ne, kafin a tashi daga zaman makoki liman da mai unguwa da mutum biyu adilai su rubuta duk abin da mamaci ya bari, gona da iyakokinta, dabba da kamanninta, hatsin rumbu, kuɗin banki, bashin da yake bi da wanda ake binsa. A aika mace amintacciya ko muharraminta cikin ɗaki a tambayi kowace mata abin da take da'awa nata ne, a rubuta da bakinta. A yi takardar biyu ko uku, ɗaya a hannun matan. Ajaminmu ya isa wannan aiki, da shi kakanninmu suka rubuta bashi da cinikin gona. Kuma kowace makaranta ta ware almajiri biyu ko uku masu kaifin lissafi su karanta gado daga Risala zuwa Muhtasar, a riƙa ba su mas'ala da buhu da kadada har hannunsu ya faɗa.

Mas'alar magajin da ya mutu kafin a raba, wadda malamai ke kira munasaha, tana son allo da lissafi mai tsawo, na bar ta sai takarda mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu.